Abin Da Ke Kashe Ƙullun Waina Da Bazara

Ko kin taɓa kwana da ƙullu, gari ya waye ki tarar ya faɗi, ya yi tsami, yana wani wari kamar na giya? Makon jiya haka ta faru ga wata maƙwabciyata a nan Sabon Birni, ta ƙasar Gwarzo. Kwano uku na shinkafa ta jiƙa domin wainar suna, duka suka lalace. Ta ce maita ce. Na duba, na ga zafi ne.

Yis ɗin nan da ki ke barbaɗawa abu ne mai rai, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu ɗaya ɗaya. Suna cin zaƙin da ke cikin ƙullu, su fitar da iska, ita ce ke kumbura shi. Wani Bafaranshe, Luwi Fasto, shi ya nuna tun 1857 cewa irin waɗannan ƙwayoyi ne ke sa abu ya yi tsami, a 1876 kuwa ya rubuta littafi guda a kan lalacewar giya. Masu dafa giya a Turai, da Maguzawa masu burukutu, duk sun san zafi na ɓata musu tukunya. Mu ba ruwanmu da giya, amma halin yis ɗaya ne a ko'ina.

A kwalejin horon malamai an koya mana yis ya fi jin daɗi tsakanin digiri 25 da 35. In an kai 60, ya mutu. To, ki lura. Mata da yawa kan juye dafaffiyar shinkafa cikin niƙa tana tururi, nan take su zuba yis. An kashe shi ke nan, ƙullu ba zai tashi yadda ake so ba.

Na biyun ya fi yawa, shi ya sami maƙwabciyata. A watan Afrilu zafin ƙasar Kano kan wuce digiri 40, ta kuwa ajiye robarta a ɗaki mai rufin kwano, ta rufe ruf. Ga shi ƙullu da kansa yana ɗumi sa'ad da ya ke tashi. Sai yis ya yi gaggawa, ya cinye zaƙin tun tsakar dare, ƙullu ya hau ya sauka, ƙwayoyin tsami su karɓi wuri. Wainarsa kan fito a kwance, ta sha mai, baƙi su ci ɗaya su janye hannu.

Saboda haka ki bar shinkafa ta huce, sai in yatsanki ya zauna a ciki kamar ruwan wankan jariri. Da bazara ki rage yis, ki rage lokaci, ki ajiye robar kusa da randa, ki naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu. In tsami kaɗan ne, ruwan kanwa zai gyara, amma da hankali, don yawanta na sauya launin waina. In ya riga ya faɗi yana warin nan, kanwa ba ta fisshe shi, sai ki jiƙa wata shinkafa.