Ire-iren Tsutsar Gyaɗa da Yaɗuwarta a Gaɓar Teku

Tun da farko ya kamata mu kawar da wani ruɗani: tsutsar da muke magana a kanta ba ruwanta da gonar gyaɗa. A teku take zaune, masana kuwa suna kiran danginta Sipuncula. An laƙaba mata sunan ne domin in an taɓa ta sai ta zuƙe gaban jikinta ciki, ta dunƙule kamar ƙwayar gyaɗa. Jinsunan da aka sani kimanin 150 ne, amma mazauninsu ya bambanta ƙwarai. Wasu cikin yashi da taɓo suke, wasu sukan huda dutsen murjani, Phascolion strombus kuwa tsohon gidan dodon-koɗi take shiga ta fake.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne samun jinsi guda a gaɓoɓi masu nisan gaske. Bayanin da aka karɓa shi ne 'ya'yan wasunsu kan yi watanni suna shawagi, ruwa yana janye su daga nahiya zuwa nahiya. Sai dai a 2014 Kawauchi da Giribet suka binciki ƙwayoyin gado na Sipunculus nudus daga tekuna daban-daban, suka tarar jinsuna da dama ne masu kama da juna aka haɗa a ƙarƙashin suna ɗaya.

A ganinmu wannan ya wuce gardamar suna. A gaɓar Beihai ta ƙasar Sin da lardin Quang Ninh na Biyetnam haƙo ta ake yi, a busar, a sayar da tsada don miya. In aka ƙarar da ta can, ba lalle ne ta wata gaɓar ta maye gurbinta ba.