"Muna Maneji": Kalmar Da Ke Ɓoye Girman Wahala

Daga Dandamisa zuwa kasuwar rake ta Makarfi, in ka tambayi magidanci yaya gida, yaya gona, amsar da za ka fi ji a yau ita ce "muna maneji." Daga Ingilishi aka aro kalmar, inda take nufin akwai 'yar matsala amma ba ta fi ƙarfin mutum ba. Da ta zauna a bakin Bahaushe sai ta yi rassa: ana manejin babur, ana manejin taki, har magani ana maneji, a raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata.

Ba na ƙyamar aro, domin mu ma mun ba Turancin buroka kalmar "wahala". Abin da ke damuna shi ne yadda wannan baƙuwa ke shafe matakan da Hausa ta tanadar wa ƙunci. Mai cewa "da sauƙi" ya fara farfaɗowa, mai cewa "da dama-dama" yana tsaka-tsaki, wanda kuwa ya ce "sai a hankali" ya sanar da mai kunne cewa a kawo ɗauki. "Maneji" ta haɗa su duka a tukunya ɗaya.

A 2016 tsutsar tumatir ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan lamarin. Manomin Ikara ko na Kudan da ya rasa jarinsa a shekarar, asara ya tafka, kuma da wannan sunan ya kamata a rubuta ta. Haka nan tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin ban ruwa da injin da na kai kaya kasuwa suka ninka. Mai faɗa wa kansila ko malamin gona cewa yana maneji, ya sauke musu nauyi da bakinsa.

A asibiti abin ya fi haɗari. Uwar da ta ce yaronta yana maneji alhali ya kwana uku da zazzaɓi, tana iya sa ma'aikacin lafiya ya ɗauki ciwon da wasa.

Kawaici ado ne a gaisuwa, kuma a nan kalmar ba ta da laifi. Amma a gaban likita da hukuma, shawarata ga ɗalibanmu da iyayensu ita ce su faɗi kwana nawa, buhu nawa, naira nawa. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ya ɓoye maganinsa.