Gano Cutar Shuka da 'Yar Takarda

Kafin a tabbatar da ƙwayar cutar da ta kama shuka ta hanyar gwajin DNA, sai an tace DNA ɗin daga ruwan ganye, aikin da a da sai ɗakin gwaji mai tsada. A 2017, masana a Jami'ar Queensland ta Ostireliya, ciki har da Farfesa Jimmy Botella, suka fito da hanya mai sauƙi. Ana murje ganyen cikin ruwan sinadari, a tsoma siririyar takardar tacewa, DNA ya manne mata, a ɗauraye ta, a tsoma cikin bututun gwaji. Duk cikin daƙiƙa 30.

Gwajin LAMP da kan biyo baya, wanda ke gano DNA ɗin ƙwayar cutar, zafi ɗaya yake buƙata, kusan digiri 65, don haka ana iya yin sa a bakin gona. Ya kamata kayan nan su isa hannun malaman gona.