Tafiya cikin jirgi a gaɓar Tafkin Cadi

Mu mutanen Adar mun saba da dutse da tudu da korama. In za mu kasuwa daga Tamaske zuwa Keita ko Buza, hanya tana nan inda muka bar ta jiya. Jaki ma ya san ta. Amma akwai wani yanki na ƙasarmu inda hanya ba ta zama wuri ɗaya, domin hanyar ruwa ce. Wannan wuri shi ne Tafkin Cadi.

Tafkin Cadi yana can gabashin Nijar, cikin jihar Difa. Daga Tamaske zuwa can ya fi kilomita 1000. Mai zuwa sai ya bi ta Madawa, da Maraɗi, da Damagaram, da Difa, kafin ya kai Ngigmi ko Boso. Ƙasashe huɗu suka haɗu a kan tafkin: Nijar, da Najeriya, da Cadi, da Kamaru. Ya fi tafkin Tabalak nesa ba kusa ba. In kana tsakiyarsa, akwai inda ba ka hangen gaɓa.

Me ya sa gaɓarsa take tafiya?

Tafkin yana da faɗi, amma ba shi da zurfi. A wurare da yawa gora tana taɓa ƙasa. Mafi yawan ruwansa daga kogin Shari yake zuwa, can daga kudu. Kogin Komadugu Yobe shi ma yana zuba nasa kusa da Boso. Ruwan Shari yana yin doguwar tafiya, shi ya sa tafkin yakan cika lokacin sanyi, bayan damina ta wuce.

Ku gwada wannan a filin makaranta. Ku zuba ruwa cikin faranti, ku zuba kwatankwacinsa cikin tulu, ku aje su a rana. Na faranti zai riga ƙafewa, bakinsa yana ja da baya. To, Tafkin Cadi kamar faranti yake. A shekara ta 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25000. Da aka yi farin 1973 ya rabu biyu, arewa da kudu. Da aka yi na 1984, ɓangaren arewa, wato namu, ya bushe. Garin Ngigmi da yake bakin ruwa ya koma nesa da shi. Daga baya, a shekarun ruwa mai yawa, tafkin ya riƙa dawowa.

Jiragen tafki

Buduma su ne mutanen tsibiran tafkin. Tun zamanin da suna ɗaure wata doguwar ciyawar ruwa dami dami, su yi jirgi da ita. Da irin wannan jirgi suke ɗaukar kanwa da kifi zuwa kasuwannin gaɓa. Daga baya jiragen katako suka yawaita, wasu da inji. Barebari da Hausawa masunta, har da na ƙasar Kabi da Sakkwato, suka zo suka zauna suna kama tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa. Suna yin banda, ana kai ta kasuwanni masu nisa.

Kafin jirgi ya tashi, matuƙi yakan duba abubuwa da yawa. Yakan duba ko katako yana yoyo. Yakan ɗauki mai isasshe, da gora, da filafili, da ƙwaryar kwashe ruwa, da guzuri, da gidan sauro. A tsakiyar tafki babu kanti, babu makanike. In inji ya mutu, gora ce za ta kai mutane gida.

Hatsarin hanya

Abu na farko shi ne ɓata. Ciyawa tana yin tsibirai masu yawo a kan ruwa. Iska tana tura su, su toshe mashigar da aka bi da safe. Ciyawar ta fi mutum tsawo, ko'ina kamar ɗaya. Matuƙi yana kama hanya da rana, da taurari, da inda iska ta fito, da launin ruwa.

Na biyu iska ce. Da hunturu iskar arewa maso gabas tana tayar da igiyar ruwa. Jirgin da aka cika wa kaya da mutane fiye da kima shi ne yake fara kifewa.

Na uku dorina ce. In tana da ɗa, ba a matsa mata kusa.

Akwai kuma hatsarin da mutum ya kawo. A shekara ta 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari tsibiran Nijar. Dubban mutane suka bar gidajensu, aka hana kamun kifi na wasu shekaru. Iyalai da yawa suka rasa abin da suke ci da shi.

Baƙon da ya zo da jirginsa a kan raƙumi

A shekara ta 1850 wani Bajamushe mai suna Adolf Overweg ya taso daga Tarabulus tare da Heinrich Barth. Gwamnatin Ingila ce ta aiko su. Sun zo da jirgin katako da aka raba gida gida, raƙuma suka ƙetare hamada da shi. Overweg ya ratsa Maraɗi da Gobir. A 1851 aka haɗa jirgin a bakin tafki, ya yi makonni yana yawo tsakanin tsibirai tare da ƴan rakiya Buduma. Ya rasu a 1852 kusa da Kukawa, a ƙasar Barno.

Ku lura, jirgi daga nesa ya zo, amma sanin hanya a wurin mutanen tafki yake. Har a 1969, da wani ɗan ƙasar Norway mai suna Thor Heyerdahl ya so ya gwada ƙetare tekun Atlantika cikin jirgin ciyawa, masu ɗaure jirgi na Tafkin Cadi ya ɗauko suka yi masa aikin.

Mu ma a Adar muna da namu ruwa. In wata rana kuka shiga kwalekwale a Tabalak, ku zauna inda matuƙi ya ce, kada ku miƙe tsaye, kada ku taru gefe ɗaya. In ya ce jirgi ya cika, ku jira sawu na biyu.

Tambayoyi

1. Waɗanne ƙasashe suka haɗu a kan Tafkin Cadi?
2. Don me gaɓar tafkin take ja da baya in an yi fari?
3. Faɗi abubuwa huɗu da matuƙi yake ɗauka kafin ya tashi.
4. Tambayi wani dattijo a unguwarku abin da ya gani a farin 1984, ka rubuta layi biyar.