Sabunin aski: kowa da moɗarsa, kowa da rezarsa

Ranar kasuwa ko jajibirin salla, dubi inuwar wanzami ka ga jama'a. Daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai, abin ɗaya ne. Mutane suna zaune suna jira, wanzami yana wasa aska, ga ɗan ƙoƙon ruwa da guntun sabuni a gefen zabira. Da wannan guntun sabuni za a jiƙa kan kowa. Wani lokaci ya suɓuce ya faɗi cikin ƙasa, a ɗauka a share, a ci gaba da aiki.

Yau za mu yi bayani a kan hanya mai sauƙi ta adana sabunin aski cikin moɗa, da kuma abin da ya kamata kowane magidanci ya sani game da aska da reza.

Amfanin sabuni wajen aski

Busasshen gashi yana da tauri. In ya sha ruwa sai ya yi laushi, aska ta yanke shi ba wahala. Kumfar sabuni tana wanke maiƙon da ke jikin gashi don ruwa ya shige shi, tana riƙe danshi, tana kuma sa aska ta zame bisa fata ba tare da ta karce ta ba. Saboda haka in an shafa kumfa, a dakata minti 2 ko 3 kafin a fara. Gaggawa ita ke kawo yanka.

Ba kowane sabuni ya dace da fuska ba. Garin sabunin wanki da sabunin wanki mai kaifi suna busar da fata, suna sa ta zafi da ƙaiƙayi. A yi amfani da sabunin wanka, ko sabunin salo mai kyau. Sabunin da mata ke haɗawa da man gujiya ko man aduwa shi ma yana yi, in an bar shi ya yi sati 4 ko fiye bayan haɗawa, don kaifin soda ya mutu.

Al'adar ta daɗe

A ƙasar Amurka, daga wajen shekarar 1870 zuwa wajen 1920, duk mai zuwa aski a kai a kai yana da nasa kofin sabuni a shagon mai aski. Ana rubuta sunan mutum a jikin kofin, wani ma har da hoton sana'arsa, a jera su bisa kanta. Ɗaya daga cikin dalilansu shi ne gudun ƙurajen da ake ɗauka wurin aski. A shekarar 1904 wani ɗan ƙasar mai suna Gillette ya samu takardar mallakar irin rezar da ake canzawa in ta dakushe. Sannu a hankali maza suka koma yin aski a gida, kofunan nan suka zama kayan tarihi. Amma dabarar tana nan da amfaninta, kuma ba ta buƙatar kuɗi mai yawa.

Yadda ake zaunar da sabuni cikin moɗa

Sabuni yana da kusurwa huɗu, ita kuwa moɗa zagayayya ce. In ka jefa shi haka nan, sai ya yi ta yawo a ciki, ruwa ya kwanta ƙarƙashinsa ya narkar da shi a banza. Ga yadda za ka yi:

1. Nemi moɗa mai faɗin baki, ta roba ko ta tangaran. Kada ka ɗauki gwangwani, domin yana tsatsa, bakinsa kuma yana yanka hannu. Wanke ta, ka bari ta bushe.

2. Kankare sabunin da wuƙa, ko ka goge shi da abin gogar kuɓewa, ya zama ƙanana-ƙanana. Guntayen sabunin wanka naka da suka yi ƙanƙanta ga hannu, kada ka yar, haɗa da su.

3. Zuba kaɗan cikin moɗa, ka yayyafa ruwan ɗumi da yatsunka, ka danne da bayan cokali. Ƙara wani, ka sake dannewa. Yi haka har ya kai rabin moɗa. Rabin da ya rage na sama wurin tada kumfa ne.

4. Ajiye a inuwa, baki buɗe, kwana 2 ko 3. In ka kifar da moɗar sabunin bai faɗo ba, to ya zauna.

Wanda ba ya son gogewa yana iya fere kusurwoyin sabunin har ya shiga, ya jiƙa ƙasansa, ya danna shi, ya cike gefe da abin da ya fere.

Kada ka ɗora moɗa bisa wuta da nufin sabuni ya narke kamar man shanu. Sabunin wanka na yau da kullum ba ya narkewa haka. Ƙonewa yake yi, moɗar roba kuma ta lalace.

In za ka yi aski, jiƙa buroshi ko yatsunka masu tsabta, ka murza bisa sabunin har kumfa ta tashi. In ka gama, tsiyaye ruwan, ka bar moɗar ta sha iska, sannan ka rufe saboda ƙura da ƙudaje.

Gashinmu yana da lanƙwasa. In an aske shi ƙwal, ko an bi shi ta baya, yakan juyo ya soki fata, ƙuraje su fito a haɓa da ƙeya. Don haka a bi gashi ta inda ya kwanta, kada a yi ta maimaita wuri ɗaya.

Sabuni ba ya tsarkake aska

Nan ne babbar magana. Hausawa sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Kumfa tana wanke dauɗa, amma ba za a dogara da ita ba wajen kashe cutar da ke cikin jini. Ɗan yankan da ido bai gani ba yana barin jini a bakin aska. In an ɗora ta kan wani, cuta ta samu ƙofa.

Ciwon hanta da likitoci ke kira nau'in B yana bin wannan hanya. Ƙwayar cutar tana iya rayuwa wajen jikin mutum kwana 7 ko fiye. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da ita a duniya. Da yawansu ba su sani ba, domin tana iya yin shekaru ba alama, tana cin hanta a ɓoye. Cutar Sida ma tana iya bin jinin da ke jikin aska. Makero kuwa, wanda ke cin gashin kan yara, yana yaɗuwa ta aska da mataji da buroshi.

Jarirai sun fi kowa shiga hatsari. Babban mutum in ya kamu da wannan ciwon hanta, galibi jikinsa yana korar cutar. Amma jarirai 9 cikin 10 da suka kamu, cutar zama take yi tare da su. Ke nan askin ranar suna ba abin wasa ba ne. Mai jego da maigida, ku tanadi sabuwar reza tun kafin ranar, a buɗe takardarta gabanku. A Nijar, tun shekarar 2008 rigakafin wannan ciwo yana cikin allurar da ake yi wa jarirai a sati na 6, na 10 da na 14. Ku kai su, ku cika allurai ukun.

Kira ga wanzamai

An ce wanzami ba ya son jarfa. Abin da ba ka so a jikinka, kada ka yi wa wani. Sana'arku ta gado ce mai daraja, tsabta kuma ƙara mata daraja take yi. Goge aska da tsumma ko a tafin hannu ba ya kashe cuta. Ku riƙe aska fiye da ɗaya. Wadda aka yi aiki da ita, a wanke ta da ruwa da sabuni, a tafasa ta minti 20. Ko kuma a jiƙa ta minti 10 cikin ruwan jabel, a wanke, a ɗauraye, a shanya. Ƙarfin jabel ya bambanta, sai ku je gidan likita mafi kusa a nuna muku yadda ake sirka shi. Haka za a yi wa kayan kaciya da na ƙaho. Tsohuwar reza kuwa a jefa ta cikin salga, kada a yar inda yara ke wasa.

Kai kuma mai karatu, in za ka wurin aski, ɗauki moɗarka da sabuwar rezarka. Ba raini ba ne ga wanzami, kariya ce gare ku duka. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Karanta wa maƙwabcinka wannan shafi, shi ma ya tanadi tasa.