Baƙon da ya tsaya a Kano bai ga Jigawa ba

Yawancin baƙin ƙetare da ke zuwa Arewa kallon hawan Sallah a Kano suke yada zango, su koma gida da hotunan dawakai. Kaɗan ne suka san cewa tafiyar kimanin sa'o'i biyu gabas za ta kai su Dutse, fadar jihar da aka cire daga Kano a 1991, garin da ya samo sunansa daga duwatsun da suka kewaye shi, ya kuma yi suna da dabino.

A ganina, inda ya fi cancanta a fara kai baƙo shi ne Birnin Kudu. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin dutse, wasunsu marasa tozo, ba irin waɗanda Fulani ke kiwo a yau ba. Akwai kuma duwatsun da ke amsa amo kamar ƙararrawa idan an buga su. Mai sha'awar tsuntsaye sai ya nufi Baturiya, a fadamun Haɗeja, inda tsuntsayen Turai ke sauka lokacin hunturu.

Amma wa zai yi wa baƙo jagora? Zane ba ya magana, kuma abin da ba a san darajarsa ba yara ke kankarewa. Ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse masu jin Turanci. A horar da wasunsu kan tarihin waɗannan wurare, a kuma biya su haƙƙinsu.