Taron masu ƙirƙirar wasannin intanet: Me zai hana a soma daga Ƙofar Kaura?

A Ƙofar Kaura da ke birnin Katsina, matasa kan ƙarar da datarsu wajen buga wasannin da aka ƙirƙira a ƙasashen waje. Mai son koyon ƙirƙirar nasa kuwa, galibi sai ya nufi Legas, inda kamfanin Maliyo Games yake tun 2012.

Amma tara masu wannan sana'a ba sai da miliyoyi ba. Shahararren taronsu na duniya, GDC, a falon Chris Crawford ya soma a Amurka a 1988.

A Katsina, ɗaki guda, sola, intanet mai ƙarfi da sanarwa ta rediyo da WhatsApp sun isa a fara. Da yayyafi kogi kan cika.